Tafintan Maigidana

"Wai yanzu kwamfuta ce za ta riƙa auna mana ƙugu?"

Mai aski ne ya yi tambayar, ba kuma ni ya tambaya ba. Ina bayan labule a shagon ɗinkin surukina, inda nake zama ina sa wa riguna maɓallai, na jiyo shi yana tambayar mai kemis a bakin ƙofa. Mai kemis ya ce shi dai bai sani ba, amma ya ga Injiniya ya shigo da wani ƙaton kwali yana ta cewa a matsa, a matsa, alhali babu kowa a hanyar.

Injiniya maigidana ne. Ba makaranta ce ta ba shi sunan ba, mutanen layinmu ne, tun ranar da ya kwance fankar shago don ya ƙara mata gudu, aka ƙare lokacin zafi ana fifita da kwali. Aikinsa a shagon Baba, mahaifinsa, guga ne, kuma ya iya. In ya fitar da kari a wando sai ka ji tsoron taɓawa. Amma ya tsani teburin gugar nan. Ya je ya yi wani kwas na kwamfuta na 'yan watanni, ya dawo da tabarau wanda ba na magani ba, ya ce zamanin da Baba ke rubuta awon mutum a ƙyalle ya soke shi da allura a jikin yadi ya wuce. Shi zai haɗa manhajar da za ta riƙe sunan kowa, da kayansa, da awonsa, ta kuma aika wa mutum saƙo a waya in ɗinkinsa ya kammala.

Abin da yake so a ba shi shi ne ɗakin gaba, mai taga a kan titi, inda ake tara ragowar yadi. Nan zai yi ofis. Baba mutum ne mai ƙarancin magana, tun rasuwar surukata ma ya ƙara ragewa. Ya saurare shi har ƙarshe, almakashi na hannu, sannan ya ce, "In abin naka ya yi aiki kafin watan nan ya ƙare, ɗakin naka ne. In bai yi ba, dutsen gugarka yana nan, ban sayar ba."

Da yamma a ɗakinmu maigidana ya zaunar da ni ya yi mini bayani, don ba ya iya riƙe ilimi a ciki. Ya ce duk bayanan suna zaune ne a wani rumbu a cikin kwamfutar, rumbun kuma yana da harshensa mai wuya, wanda sai an tambaye shi da shi yake amsawa. Amma shi ba ya bukatar koyon harshen, don kayan aikin da ya sauke sun zo da tafinta. Shi zai ce, kawo mini masu wando, tafinta ya juya maganar zuwa harshen rumbu, ya je ya ɗebo. Na tambaye shi a hankali ko ana iya ganin abin da tafintan yake faɗa wa rumbun. Ya danna wani wuri, rubutu ya cika allon, dogo kamar zaren da ya warware. Ya rufe da sauri. Ya ce wannan karatun ƙananan ma'aikata ne, shugaba ba ya leƙa bakin tafintansa.

Ranar farko Baba ya ce a ba shi awon mai kemis. Injiniya ya gyara tabarau, ya danna da yatsa ɗaya, ya harɗe hannuwa. Wani ɗan zobe ya kama juyawa a allon. Yana juyawa Baba ya nemo tsohon ƙyallensa, yana juyawa ya shimfiɗa yadi, yana juyawa ya yanka hannun riga ya miƙa wa telan da ke ɗinki a gefensa. Sai da aka fara ɗora wuya sannan awon ya fito. Injiniya ya ce a duba, daidai da na ƙyallen, ba ƙari ba ragi.

Mai aski, wanda ba shi da aiki sai leƙen shagonmu in ba shi da kan da zai aske, ya tambaya ko tafintan a ƙasa yake tafiya. Maigidana ya ce ladabi ne ya yi masa yawa. Yakan je rumbu ya ɗebo sunaye, sai ya koma ya tambayi kayan kowane mutum shi kaɗai, sai ya sake komawa ya tambayi awon kowane kaya shi kaɗai. Ba ya cuɗanya mutane a tambaya ɗaya. Mai aski ya ce in haka ne a saya masa keke.

Keken bai samu ba, amma Injiniya ya kwana biyu yana taɓe-taɓe, ya ce ya koya wa tafinta ya haɗa komai a tafiya ɗaya: mutum, da kayansa, da lambar wayarsa. Gudun kuwa ya zo. Kafin ka ɗauke yatsa amsa ta fito. Ya fito bakin ƙofa ya sanar cewa daga yau na'ura ce za ta riƙa buga takardar yanka, teloli su bi ta daga sama zuwa ƙasa, kada wanda ya sa nasa tunanin. Ya ƙara da cewa ya ƙirga, masu kawo mana ɗinki sun ninka tun da ya karɓi ragama. Baba ya leƙa titi, ya leƙa shago, bai ga ninkin ba, ya koma kan yankansa.

Mai aski ne ya fara ɗanɗanawa. Ya kawo yadi mai kyau na riga da wando, kuma mutum ne mai layin waya biyu. Tafinta ya haɗa shi da layi na farko ya fito da kayansa, ya haɗa shi da na biyu ya sake fito da su. Takarda ta ce wando, wando, riga, riga. Tela ya bi daga sama kamar yadda aka umarce shi. Yadi ya ƙare kafin a kai ga riga.

Mai aski ya ɗaga wando a hannun dama, ya ɗaga wando a hannun hagu, ya dubi maigidana.

"Injiniya, ƙafa huɗu ka gani a jikina?"

"Wando ya fi riga saurin tsufa. Na'ura hangen nesa ta yi maka."

"To ta hango mini abin da zan rufe ƙirji da shi."

"Wannan yana cikin mataki na gaba."

Washegari mai aski ya buɗe shagonsa sanye da wando ɗaya, ya rataya ɗayan a wuya, ƙafafun suna reto a ƙirjinsa. Duk wanda ya tambaya sai ya ce sabon yayi ne daga ofishin Injiniya. Baba ya biya shi yadinsa.

Ana cikin haka direban tirela ya dawo daga tafiya. Ƙato ne, in ya tsaya a ƙofar shago sai mu kunna fitila. Ya ce ya ƙara jiki, a gyara awon ƙugunsa. Injiniya ya ce abu mai sauƙi. Ya rubuta layi ɗaya cewa direba ake nufi, ya rubuta na biyu cewa a mai da ƙugu kaza, ya danna. Ashe, kamar yadda ya gano daga baya, zaɓen da aka yi a layin farko sai an riƙe shi an miƙa wa na biyu. Shi kuwa ya bar shi a nan. Tafinta ya ji a gyara ƙugu, bai ji na wane ba. Ya shiga rumbu ya ba kowane namiji a layinmu ƙugun direba.

Mai kemis siriri ne, iska mai ƙarfi kan sa shi riƙe ƙofa. Ya zo karɓar wandonsa, ya shiga lungun gwaji, ya daɗe, har Baba ya yi gyaran murya. Ya fito ya tattare ƙugun da hannu biyu a ƙarƙashin haɓarsa. Baba ya miƙa masa hannu su gaisa, mai kemis ya ce a yi haƙuri, in ya saki ba za a ji daɗi ba. Mai aski ya ce a matsa masa ya shiga, akwai wurin mutum biyu, sai su raba kuɗin ɗinki. Injiniya ya zagaya mai kemis yana dubawa, ya ce likitoci sun hana matsattsun kaya, shi da ke sayar da magani ai ya fi kowa sani. Mai kemis ya ce ya sani, amma ba su ce a sa tanti ba.

Wanduna da yawa aka farke a makon nan. Ni na tsinke maɓallan da na sa, na sake sawa. Baba dai bai yi faɗa ba. Ya je lungu ya ɗauko dutsen guga, ya goge masa ƙura da gefen rigarsa, ya gwada wayarsa, ya ajiye shi a inda maigidana zai riƙa gani.

Wannan ya sa Injiniya ya yanke shawarar gama komai a rana ɗaya. Ya bi layi shago-shago yana gayyata: ran Asabar da hantsi, kowa ya zo ya ga ƙaddamarwa. Zai danna maɓalli ɗaya, duk wanda ɗinkinsa ya kammala wayarsa ta yi ƙara a aljihunsa. Ya aro kujeru, ya shimfiɗa farin yadi a tebur, ya sa an rubuta masa allo mai cewa Ofishin Babban Injiniya, ya ɓoye a bayan ƙofa.

Ran Asabar da safe, kafin kowa ya zo, Baba yana can ciki yana karyawa, Injiniya ya matso jikin labule ya yi ƙasa da murya. Ya ce in riƙe wayata kusa. Ya sa sunana a cikin masu kawo ɗinki, zai yi gwaji, ni ce mutum ta farko da na'urar nan za ta gaisar. Na ga ya zauna yana rubutu, ya goge, ya sake, harshensa a waje kamar mai zura zare a allura. Ya cire tabarau ma. Da ya gama ya danna, ya juyo yana murmushi wajen labule.

Na dubi wayata. Shiru.

Can tsallaken titi na ji wayar mai aski ta yi ƙara, ta sake yi. Ta mai kemis ta amsa. Ta telan da ke share gaban shago ta kama a aljihunsa. Kafin in ɗaga kai layin gaba ɗaya ya ɗauka, kamar an buɗe akurkin 'yan tsaki. Murmushin maigidana yana nan a fuskarsa, amma shi ya riga ya fita daga cikinsa.

Abin da ya faru shi ne, zaɓen nawa ya sake zubewa a hanya, irin na ƙugun direba. Tafinta kuma ya saba saƙo na masu kaya a shago ne, don haka ya haɗa mutane da kayansu ya aika: mai kaya biyu sau biyu, mai biyar sau biyar. Ni da ba ni da ko ƙyalle a shagon, sai ya tsallake ni.

Mutane ba su jira hantsi ba. Mai aski ne ya fara isowa, ya yafa shuɗin tawul ɗin aski a kafaɗa, yana rangwaɗa. Ya tsaya a ƙofa ya ɗaga waya ya karanta da siririyar murya: hasken idona, tun safe nake tuna murmushinki. Ya ce tsakiyar ta yi masa nauyi, kunya ba za ta bar shi ba, bari ya je ƙarshe: ki leƙo shago anjima, ki sa shuɗin nan. A ƙasa kuma na'ura ta sa hannu kamar yadda aka koya mata, daga shagon Baba tela.

Ina da shuɗin mayafi guda ɗaya, kuma yana rataye a ƙusa a gefena. Na miƙa hannu a hankali na cusa shi ƙarƙashin tarin riguna, na zauna a kai.

Shago ya cika. Wasu dariya ta kawo su, wasu neman bayani. Mai kemis ya ce shi tunda yake ba a taɓa yaba murmushinsa ba, ya gode, amma wandonsa fa? Sai ga Gwaggo ta ƙarshen layi. Dattijuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta da aiki sai kawo ɗinki da kushe shi. Babu wanda ya kai ta yawan kaya a shagonmu, don haka wayarta ba ta huta ba tun safe. Ta shigo cikin shuɗi daga ɗankwali har takalmi, ƙamshin turarenta ya riga ta. Ta zauna a kujerar gaba ta haɗa hannuwa a cinya. Ba ta kushe komai ba, ko ƙurar tebur.

Sai shago ya yi duhu. Direba ne a ƙofa, da wayar matarsa a hannu, ƙarama kamar ashana a tafinsa. Ya ce shi ma an aiko masa a tasa wayar, wannan ya ɗauka kuskure ne. Amma ta iyalinsa yana so a gaya masa, wane ne hasken idon wa?

Baba ya fito daga ciki yana goge hannu. Aka miƙa masa waya, ya nisanta ta da idonsa, ya karanta har ƙasa inda sunan shagonsa yake. Ya ɗago ya ga Gwaggo tana kallonsa, ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali. Ya juya wajen ɗansa.

"Kai ka rubuta wannan?"

Maigidana ya dubi labule. Sau ɗaya, da wutsiyar ido. Da ya ce matarsa ya rubuta wa, da direba ya sauka, da an yi dariya an watse. Amma da layin nan kaf ya juyo ya kalle ni, a gaban Baba, da ni ce hasken ido a bakin mai aski har in tsufa. Na riƙe allura har ta huda mini yatsa. Sai na ga ya ɗauki tabarau ya mayar, ya buɗe ƙirji.

"Ba ni ba ne, Baba. Tafinta ne. Ya kai matsayin da yake tsara magana da kansa. A manyan kamfanoni, ranar da aka kai nan hutu ake bayarwa."

"To a fito mini da shi," in ji direba, yana naɗe hannun riga.

"Ba ya fitowa. A ciki yake aiki."

"In an same shi," in ji mai aski, "a tambaye shi ko shuɗin nawa ya yi."

Injiniya ya ce kowa ya kwantar da hankali, yanzu zai aika saƙon ban haƙuri, ya miƙa hannu wajen kwamfutar. Mutum uku suka riƙe shi, har da mai kemis. Baba ya zagaya bayan tebur, ya tsuguna, ya zare waya daga bango. Allon ya mutu.

"Ya ba mutum wando biyu, na haƙura," in ji Baba. "Ya sa mai kemis a buhu, na haƙura. Amma mai zawarcin matan mutane da sunana, ba zai kwana a shagona ba."

Ya ɗauko dutsen guga ya sa a hannun ɗansa, ya jona shi a ramin da ya zare kwamfutar. Direba ya ce in dai an kashe shi, shi ke nan. Aka fara kwashe kujeru. Gwaggo ce ta ƙarshen tashi. Da ta zo wucewa ta gaban labule na ji tana cewa ita kaɗai, na'ura dai, yaushe na'ura ta yi zuciya.

Ɗakin gaba ya koma na ragowar yadi. Maigidana ya koma teburinsa, yana gaya wa duk mai saurare cewa hutun bincike yake yi, yana nazarin yadda zafi ke tafiya a cikin auduga. A ɗaki ya yi mini bayanin inda tafinta ya kauce dalla-dalla, yana kallon ƙasa, amma bai faɗi abin da ya rubuta ba, ni ma ban tambaya ba. Sai dai abin ya tsaya mini. Na san in na samu Baba shi kaɗai na gaya masa gaskiya, cewa ba aljani ba ne a kwamfutar, ɗansa ne ya rufa mini asiri, zai iya sassautowa ya ba shi wani watan. Kullum in na kai masa ruwa sai in buɗe baki, sai in ce ga ruwa.

Ran nan Baba ya aike ni in kai wa Gwaggo ɗinkinta. Ya ce shi ya rasa gane mata, ta daina faɗa, kullum sai ta leƙo ta tambayi lafiyarsa, gara a gama mata nata ta huta. Na same ta a tsakar gida. Ta karɓi kayan ba ta ko buɗe ba, ta ja ni ɗaki, ta tura ƙofa, ta zaro waya daga ƙarƙashin matashi.

"'Yar nan, kin iya karatu ai. Idona ba ya ganin ƙananan nan. Jikata ta karanta mini sau ɗaya tana dariya, na kore ta. Karanta mini a hankali."

Na karɓa. Saƙon yana nan jere, iri ɗaya, ba ta goge ko guda ba. Na karanta farkon da na sani. Sai na zo tsakiyar da mai aski ya tsallake: ba na iya faɗa miki a gaban mutane, amma duk abin da kika ga ina yi, don ki kalle ni nake yi.

Na tsaya a nan. Gwaggo ta ce in ci gaba, ita ma nan ne yake kama ta. Na ƙarasa. Ta ce in karanta na ƙasansa. Na ce ai iri ɗaya ne. Ta ce ta sani, in karanta.

Da na gama ta kama murza bakin zanenta. Ta ce tun da malam ya rasu babu wanda ya ce mata ko sannu da kwalliya. Ta ce ita ba aure take nema ba, da girmanta, ta kuma san mutumin kunya gare shi, shi ya sa ya laƙa wa na'ura. Ta dube ni.

"Ke da kike zaune a shagon, kina gani da gaske yake?"

Na ce, "Wanda ya rubuta wannan, Gwaggo, da gaske yake."

Ta mayar da wayar ƙarƙashin matashi, ta daddanna shi.

Da na dawo, tun daga bakin titi na hango maigidana ta ƙofa, tururi na tashi, yana yi wa mai aski bayani da hannu ɗaya, ɗayan yana tafiya a kan wando shi kaɗai ba ya kuskure. Ya hango ni, ya ƙara ɗaga murya, ya juya dutsen gugar a iska kafin ya ajiye. Na tsaya na kalle shi, sosai, har ya manta abin da yake faɗa.

Baba ya tambaye ni ko Gwaggo ta ce wani abu. Na ce ta gode. Na shige bayan labule na ɗauki allurata. In na yi magana, tafinta zai dawo, Gwaggo kuma ta rasa abin da ke ƙarƙashin matashinta. Na zura zare, na ƙudura a raina babu wanda zai ji wannan daga bakina, ko Baba, ko shi.